Gawayin da Baba Ya Hana

Shafi na 7

Masu turo mini saƙo tun da asuba wai na bar ku a tsaye jiya, ku yi haƙuri, ni ma mai jiki ce. Ke kuma da kika ce Idalia ta cika faɗa, ki yi kwana uku babu wuta da jaririya a hannu, sannan ki dawo mu yi magana.

*

Ranar Laraba ce, kwana na uku da ɗauke wuta, kuma Idalia ta daina ƙirga awa. Wayarta ta mutu tun shekaranjiya. Man motar ƙanenta Rogelio ya ƙare wajen ɗumama jaririya, gidajen mai kuwa duk a rufe, don su ma da wuta suke zuba man. Ruwan da suka tara a bahon wanka ya yi fatar ƙanƙara a sama. Mu nan kudancin Texas zafi muka sani. Gidajenmu don su fitar da zafi aka gina su, sai ga shi sun yi aikin har ya wuce yadda aka sa su.

Su huɗu suka tare a ɗakin marigayiya Mama, don shi ne ƙarami: Idalia, da ’yarta Lucero mai wata huɗu, da Rogelio, da mahaifinsu Don Baldomero. Tagar ma sun manne ta da kwali da leda.

Kukan Lucero ne ya tashe ta. Kwana uku yarinyar nan tana kuka, har muryar ta dishe ta koma kamar ta ɗan mage. Idalia ta miƙa hannu za ta jawo bargo, sai ta ji fata. Kwat ɗin Baba ce aka lulluɓa musu.

"Rogelio. Kai, Rogelio!"

Labulen falo da Rogelio ya ciro ya naɗe jikinsa da shi ya motsa a kusurwa, kai ya leƙo daga cikinsa.

"Na’am, Yaya. An kawo wuta?"

"Kanka aka kawo. Ina bargon Mama?"

"Wanne?"

"Guda nawa ya rage mana? Mai hoton damisa."

"Ni da nake kwana a labule kike tambaya? Baba ya fita da shi ɗazu. Na ji shi."

"Ka ji shi, ka yi shiru?"

"Bakina ne ya daskare."

Ba ta yi dariya ba, ƙarfin yin ta ma babu. Ran Litinin koren bargo ya ɓace. Ran Talata mai faci-faci. Yau kuma mai damisa, wanda ya fi duka kauri, wanda Mama ta tsallako kogin kan iyaka da shi tun tana amarya.

Ta zaro Lucero daga cikin rigarta, ta taɓa tafin ƙafarta. Sanyi ƙalau, duk da safa biyu. Ta hura musu iska da baki, ta murza, ta sake taɓawa. Babu abin da ya canja.

"Ɗauko guduma," ta ce.

"Ta me?"

"Ta fasa kwaɗon rumfa."

Rogelio ya tashi zaune.

"Yaya, kin manta Litinin?"

Ina za ta manta. Ranar da aka ɗauke wuta Rogelio ya jawo murhun gasa nama zai shigo da shi falo. Baba, wanda bai taɓa ɗaga musu hannu ba tunda aka haife su, ya sa ƙafa ya harba murhun har ƙasan matakala. Ya kwashe buhun gawayi ya kulle a rumfar kayan gona, ya jefa makulli a aljihu. "Muddin ina numfashi, gawayi ba zai shiga gidan nan ba." Da ta tambayi dalili, cewa ya yi, "Don na ce." Tun daga ranar shi yake dafa musu wake a tsakar gida da busasshen itacen lemo, ya cika kwalabe da ruwan zafi ya miƙo ɗaki. Kafin awa guda kwalaben sun huce.

"Baba zai yanka ni," in ji Rogelio.

"In ba ka tashi ba ni zan riga shi."

"Shekarata talatin, amma in ya kira ni da cikakken sunana sai in koma ɗan yaro."

"Taɓa ƙafarta."

Ya miƙo hannu ya taɓa. Ya zare labulen ya fita.

*

A bayan gida suka hura gawayin. Idalia tana tsaye da yarinya a ƙirji, haƙoranta suna karo da juna.

"Kada ka shigar yanzu. Ka bari hayaƙin ya fita kaf, ya zama garwashi zalla. Ba na son ƙirjinta ya kama."

"To, likita."

"Ka yi fifita, ka rage surutu."

Ta yi tunani irin na uwa, iya abin da ta sani ke nan. Ita mai girki ce a makarantar firamare, ta san hayaƙi yana sa yara tari, kuma ta yi maganin hayaƙi.

Da garwashin ya yi jajir suka ɗora murhun a kan farantin ƙarfe a tsakiyar ɗaki. Ta ɗauko tawul biyu ta cusa a ƙasan ƙofa, ta bi da yatsa ko’ina tana toshe inda iska ke shigowa.

Ɗumin ya zo a hankali. Da farko a fuska, sannan a gwiwa. Idalia ta ji yatsunta suna ƙaiƙayi, jini ya fara dawowa. Sai ga hawaye, ba ta san ma na mene ne ba.

"Kai, Allah ya yi miki albarka," in ji Rogelio, ya miƙe ƙafafu. "Mijinki Efraín yana can bisa falwaya kwana uku yana gyara wa mutanen gari wuta, matarsa tana nan ta ƙirƙiro tata."

"Matar mai gyaran wuta ai ita ce ta ƙarshe a layi."

"In ya dawo ki ce masa mun sallame shi."

Kukan Lucero ya fara raguwa. Ta yi ajiyar zuciya sau biyu, kumatunta suka yi ɗan ja. Idalia ta zuba mata ido kamar yau ta fara ganinta. Kanta ya ɗan yi nauyi, ta ce a ranta rashin barci ne. Da ta biye wa jikinta, nan za ta kife. Amma bargon Mama ya tsaya mata a wuya.

Ta kwantar da yarinyar kusa da Rogelio, ta zura kwat ɗin Baba.

"Zan je in karɓo bargunan nan. Ka mayar da tawul, ka sa sakata."

"In ya riga ki dawowa fa?"

"Ko rushe ƙofar zai yi, kada ka buɗe. Yana shigowa zai watsar da garwashin."

"In ya kira ni da cikakken sunana?"

"Ka yi kamar ka yi barci."

"Wannan kam ba sai na yi kamar ba," ya ce, yana hamma.

Ta ji ƙarar sakata a bayanta.

*

Iskar waje ta mare ta, nauyin kan ya washe. Ta bi ta gefen gida, ta wuce bishiyun garehul, babban lemon nan, guda biyu da ke bakin matakala. Ɗaya tata ce, ɗaya ta Rogelio. A gindin kowacce Baba ya binne cibiyar mai ita, kamar yadda ake yi a gidansu tun kaka da kakanni. Duk biyun suna tsaye tsirara, ganyensu ya naɗe ya yi baƙi.

Gonar gaba ɗaya haka take. Lemo ya zube a ƙasa, wanda ya rage a reshe ya daskare, in ka taka ɗaya sai ka ji ƙaras. Tafiyar da take yi a minti biyar ta ɗauke ta ninki biyu, don ƙasa santsi take kamar an zuba mai.

Can ƙarshen gona, bakin magudanar ban-ruwa, ta hango damisar Mama tana kallonta daga jikin wata tsohuwar bishiya. Ga kore, ga mai faci-faci, duk an naɗe an ɗaure da igiya. Baba yana gefe da shebur, daga shi sai rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu, yana tara ƙasa a gindin bishiyar.

Ta shirya faɗa tun daga gida. Da ta iso sai ta tarar faɗan ma ya gaji.

"Baba."

"Kin zo? Riƙe mini igiyar nan."

Ta riƙe. Sabo ne, tun tana ’yar shekara shida take riƙe masa igiya.

"Jikarka tana can ƙafarta kamar ƙanƙara, kai kana nan kana lulluɓe itace."

"Na ce ki bar ta cikin rigarki. Jikinki ya fi bargo goma."

"Jikin nawa ma ya huce, Baba."

Ya sake kafa shebur. Ya ci gaba da ɗibar ƙasa, yana yi yana haki. Ƙasar ta yi tauri, sai ya taka shebur da ƙafa biyu kafin ta shiga.

"Sama zai mutu," ya ce. "Wannan ba makawa. Amma in ƙasa ta rufe wurin auren, inda aka haɗa reshe da gindi, wurin ya tsira, to za ta sake toho."

"Ban zo darasi ba."

"Ja igiyar."

Ta ja. Ta ƙulla. Har ta karɓi shebur ta zuba masa biyar, don ba za ta iya kallon tsoho ɗan shekara saba’in da huɗu yana tangaɗi ba. Sannan ta dogara da shebur ɗin ta dube shi.

"Bishiya ɗari huɗu sun mutu a gonar nan. Ban ga ka zubar da hawaye ba. Tawa da ta Rogelio suna can ƙofar gida da cibiyoyinmu a ƙarƙashi, ko tsumma ba ka ɗaura musu ba. Me ke cikin wannan?"

"Ku ai kuna da bakin cewa kuna jin sanyi."

"Ita fa?"

"Shi ba shi da kowa sai ni."

"Shi? Shi wa?"

Baba ya zauna a kan tudun ƙasar da ya tara. Ya cire hularsa, ya juya ta, ya mayar.

"Yayanki."

"Baba, sanyi ya taɓa ka. Ni ce babba."

"Ke ce ta biyu."

Wani reshe ya karye can cikin gona, nauyin ƙanƙara ya fi ƙarfinsa. Idalia ba ta waiwaya ba.

"Sunansa Anselmo. Watansa biyar. Ga cibiyarsa nan inda nake zaune. Shi kansa kabarinsa yana tsallaken kogi, a garin su mahaifiyarku."

"Ba hoto, ba komai? Mama ba ta taɓa..."

"Ta ƙona hotunan. Ta ce kada ’ya’yan da za mu haifa nan gaba su kalle ni da wannan idon. Ta sa na rantse. Mutane aka ce musu ciwon ƙirji ne."

"Wane ido? Me ka yi?"

"Kin san sanyin shekarar tamanin da uku."

"Wanda kuke ba da labari. Na makon Kirsimeti."

"Labarin bishiyu muke bayarwa, ɗiyata. Kowa ya faɗi nasa da suka mutu." Ya murza hannuwansa. "Lokacin gonar nan sabuwa ce. Duk manoman yankin nan mun fita, muna ƙona tsofaffin tayoyi a tsakanin layuka don bishiyu su ji ɗumi. Zan fita, na ga mahaifiyarku tana karkarwa da yaro a hannu. Na ce, ni da zan je in ɗumama itace, in bar iyalina haka? Wane irin miji ne ni?"

Ya dubi gindin bishiyar. Ta jira.

"Na hura musu gawayi."

Idalia ta ji wani abu ya tsarga mata a baya, amma ba ta gane shi ba tukuna.

"Na shigar musu ɗaki. Na toshe ƙasan ƙofa da buhu, da hannuna wannan. Na fita ina jin na yi abin kirki. Da gari ya waye na dawo, na buga, shiru. Maƙwabta ne suka jawo mahaifiyarku Ofelia tsakar gida, aka yi ta yi mata fifita, da ƙyar ta dawo. Shi bai dawo ba."

"Wuta ce ta kama?"

"Ko zaren bargo bai ƙone ba."

"To hayaƙi ke nan. Ka shigar da shi yana hayaƙi."

Ta faɗa da sauri, kamar mai neman a ce mata e.

"A’a. Na tsaya a waje har hayaƙin ya fita kaf. Garwashi zalla na shigar."

"To ai... to ai in babu hayaƙi..."

"Ba wanda ido ke gani ke kisa ba. Likitan ya gaya mini daga baya. Wani abu ne gawayi ke fitarwa, ba wari, ba launi. In ɗaki a rufe yake, shi ke nan. Da farko ɗumi. Sai kai ya yi nauyi. Sai barci mai daɗi ya zo." Muryarsa ta karye. "Ofelia ta ce har daɗi ta ji da yaron ya daina kuka. Da na ɗauke shi, kumatunsa jajir, ka rantse lafiyarsa ƙalau."

Ya share hanci da bayan hannu, bai ɗago ba.

"Ran Litinin na so in faɗa muku. Na buɗe baki, ya ƙi fita. Na gwammace ku ce tsohon nan mugu ne mai taurin kai, da ku san abin da na yi. Shekara talatin da bakwai, duk sanyin da ya zo nan nake zuwa. Na san itace ne, ban haukace ba. Amma ban iya kwanciya a ɗumi shi yana waje. Bargon yau kam na yi laifi, ki kwance shi ki..."

Ya ɗago zai nuna mata igiyar. Idonsa ya sauka a hannunta da ke riƙe da shebur.

"Mene ne wannan a hannunki?"

Ta duba. Baƙin gawayi ne, a yatsu, a ƙarƙashin farce, har bakin hannun kwat ɗinsa.

"Idalia."

Ta shiga goge hannun a jikin kwat ɗin.

"Idalia! Makulli yana aljihuna!"

"Mun... mun fasa kwaɗon."

"Ina yarinyar?"

"Tana ɗaki. Da Rogelio."

"Ƙofa a buɗe?"

"Na ce ya sa sakata. Na ce ya toshe..."

"Tun yaushe?"

Ta so ta ƙirga, lissafin ya watse. Tafiya, igiya, shebur biyar, labari. Ya fi rabin awa. Ya fi sosai.

Baba ya yunƙura zai tashi, ƙafarsa ta zame, ya faɗi a kan gwiwa. Ta sunkuya za ta kama shi, ya ture ta da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba.

"Bar ni! Tafi da shebur! Taga, kin ji ko? Kada ki tsaya a ƙofa, taga!"

Ta ruga.

Ta taka lemo ta faɗi, ta tashi. Ta sake faɗuwa, leɓenta ya fashe, ba ta ji ba. Takalmi ɗaya ya cire, ta bar shi nan. A bayanta muryar tsohon tana biyo ta cikin bishiyu, yana kiran suna, kuma ba nata yake kira ba, ba na Rogelio ko Lucero ba.

Ta wuce bishiyarta, ta zagaya bayan gida. Ga tagar ɗakin Mama, kwalin da ta manna da hannunta ya rufe komai, ko inuwa ba a gani.

Ta buga gilashin da tafin hannu.

"Rogelio! Ni ce, ba Baba ba ne! Buɗe!"

Shiru.

"Daina wasan nan, don Allah! Na janye, ka tashi!"

Shiru.

"Rogelio Anastasio Treviño!"

Ko motsin labule babu.

Ta ɗaga shebur da hannu biyu ta maka. Gilashi ya tarwatse, kwali ya yage, wani ɗumi mai daɗi ya fito ya shafi fuskarta.

Kwana uku Idalia tana roƙon Allah yarinyar nan ta yi shiru ko na minti ɗaya ne. Ta cusa kai ta cikin fasasshen gilashi, ta riƙe numfashi, ta kasa kunne.

"Lucero," ta ce a hankali. "Yi kuka, uwata. Don Allah yi kuka."